Babban madubi ko matsefin haske: wanne ya kamata makaranta a Katsina ta fara saya?

Bayan ɗaukewar ruwan damina, wani malamin kimiyya da ke koyarwa a wata sakandare a cikin birnin Katsina ya zo mini da takardu biyu daga masu sayar da kayan ɗakin gwaji. Ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantar ce ta tara kuɗi domin a saya wa yara na'urar hangen nesa ta kallon taurari, aka ɗora masa nauyin zaɓe. Takarda ta farko tana tallar wata babbar na'ura mai madubi, faɗin bakinta milimita 200, zaune a kan gindin katako wanda ake juyawa da hannu, irin wadda ake kira Dobson. Ta biyu kuwa tana tallar ƙaramar na'ura mai gilashi, faɗin bakinta milimita 80, amma tana tafe da gindi mai inji da ke bin tauraro, da kyamara, da kuma abin da zan kira matsefin haske, wato na'urar da ke warware hasken tauraro zuwa launukansa kamar yadda matsefi ke warware kitso. Kuɗin ta biyun ya ninka na farko, har sai an jira gudummawar wata shekara kafin a iya biya. Malam ya tambaye ni ko jiran ya cancanta, na ce masa amsar ta rataya ne a kan sanin aikin da kowacce ke iya yi, da wanda ba ta iya yi, a ƙarƙashin sararin samaniyar Katsina.

Babban aikin na'urar hangen nesa shi ne tara haske, kamar yadda faffaɗan baho ya fi kofi tarar ruwan sama, kuma yawan hasken da take tarawa yana tafiya ne da faɗin bakinta idan aka ninka shi da kansa. Ƙwayar idon mutum a cikin duhu ba ta wuce buɗewar milimita 7. Saboda haka na'ura mai milimita 80 tana tara hasken da ya ninka na ido kusan sau 130, mai milimita 200 kuma fiye da sau 800, wato babbar ta fi ƙaramar sau 6 da ɗoriya. Masana falaki suna auna hasken taurari da wani ma'auni wanda lambarsa ke ƙaruwa yayin da tauraro ke dusashewa, kuma kowane mataki 5 yana nufin raguwar haske sau 100. Ido yana tsayawa a mataki na 6 a daren da babu wata, ƙaramar na'urar tana kaiwa wajen 11 zuwa 12, babbar kuma 13 zuwa 14. Faɗin baki ne kuma ke yanke ƙanƙantar abin da za a iya rarrabewa. Idan aka raba digiri 1 na sararin sama gida 3,600, kowane gida ana ce masa daƙiƙar kusurwa, kuma faɗin cikakken wata kimanin 1,800 ne. Babbar na'urar tana iya raba taurari biyu da ke da tazarar 0.6, ƙaramar kuma 1.5, sai dai motsin iskar da ke samanmu kan hana kowace na'ura sauka ƙasa da 1 ko 2 a yawancin darare, musamman a farkon dare lokacin da ƙasa da rufin kwano ke fitar da zafin da suka sha da rana.

Lambar da masu talla suka fi bugawa da manyan baƙaƙe a jikin kwali, wato yawan girmama abu, ita ce mafi ƙarancin amfani wajen zaɓe. Ana samunta ne ta raba tsawon tattara hasken na'urar, wato tazarar da ke tsakanin madubinta ko gilashinta da wurin da haske ke haɗuwa, da na ɗan gilashin da ake sa ido a kai: na'ura mai tsawon milimita 1,200 da gilashin ido mai milimita 25 tana girmamawa sau 48, idan aka sauya zuwa mai milimita 10 ta koma sau 120. Iyakar da ke da amfani ita ce kimanin ninki biyu na faɗin baki a milimita, don haka duk wanda ya ga ƙaramar na'ura mai milimita 60 an rubuta mata sau 500, ya ajiye ta ya wuce.

Abin da babbar na'urar za ta nuna wa ɗalibi a darensa na farko ba ƙarami ba ne. Zai ga ramukan wata da inuwar duwatsunsa, zoben Zuhalu, da zanen gajimaren Mushtari tare da manyan watanninta 4 da Galileo ya fara gani a 1610. Zai ga Zara tana cika tana raguwa kamar wata, ya kuma tarar cewa Kaza da 'Ya'yanta sun fi ƙarfin ƙirgen da ake yi musu da ido. Wannan kallo ne mai ratsa zuciya, kuma yara 40 za su iya bin layi su gani a dare ɗaya ba tare da wutar lantarki ba. Amma taurari kansu, komai girman madubin, ɗigo ne kawai suke fitowa, kuma bayan ɗalibi ya ce ya gani, babu wata lamba da zai rubuta a littafinsa.

Matsefin haske shi ne ke mayar da wannan ɗigo ya zama abin awo. Tun a 1666 Newton ya nuna cewa farin haske haɗakar launuka ne, sannan a 1814 Fraunhofer ya lissafa baƙaƙen layuka fiye da 500 da suka yanyanka bakan hasken rana, wato jerin launukan da ke fitowa idan aka warware shi, irin na bakan gizo. A wajen 1859 Kirchhoff da Bunsen suka gano sirrinsu: kowane sinadari yana da wuraren da yake shanye haske ko fitar da shi, waɗanda babu wani sinadari da ke tarayya da shi a cikinsu, kamar tambarin yatsa. Masu sauraron rediyo sun san gajeren zango da matsakaicin zango. Haske ma yana da tsawon zango, ana auna shi da nanomita, wato kashi ɗaya cikin miliyan na milimita, daga wajen 400 a ɓangaren shuɗi zuwa 700 a ɓangaren ja. Haidurojin yana sa hannu a 656.3 da 486.1 da 434.0, sodiyam kuma a layuka biyu maƙwabta, 589.0 da 589.6. Ta wannan hanya aka ga wani layi rawaya a hasken rana a 1868 wanda bai dace da kowane sanannen sinadari ba, aka raɗa masa suna hiliyam, ba a kuma same shi a doron ƙasa ba sai a 1895. Da wannan hanya ce kuma Cecilia Payne ta nuna a 1925 cewa taurari galibinsu haidurojin ne da hiliyam. Layukan suna kuma bayyana gudu: kamar yadda ƙarar jiniya ke sirancewa idan mota na tahowa, ta yi kauri idan ta wuce, haka layukan ke gusawa zuwa shuɗi idan abu na tunkaro mu, zuwa ja idan yana nisantar mu. Da haka Slipher ya auna a 1912 cewa dandazon taurarin Andromeda yana tahowa da gudun kilomita 300 a daƙiƙa.

Kamar yadda faɗin baki yake ga na'urar hange, haka wata lamba da ake kira ƙarfin tantancewa take ga matsefi, kuma ita ya kamata mai saye ya fara nema a takarda. Ana samunta ta raba tsawon zango da mafi ƙanƙantar tazarar da matsefin zai iya rabawa. Don raba layukan sodiyam guda biyun nan, ana bukatar ƙarfi kusan 1,000. Idan kuma aka raba gudun haske, kilomita 300,000 a daƙiƙa, da wannan lamba, za a samu kimanin gudun da matsefin ke gani kai tsaye: mai ƙarfi 100 yana ganin 3,000, mai 600 yana ganin 500, mai 17,000 yana ganin 18, ko da yake mai haƙuri da gwaninta kan iya sauka zuwa kashi ɗaya cikin goma na waɗannan ta hanyar auna tsakiyar layi.

Matsefan da ke kasuwa aji uku ne. Na farko ɗan faifan gilashi ne da aka yi wa zane-zane siraran gaske, kamar Star Analyser mai layi 100 a kowace milimita, wanda ake murɗawa a bakin kyamara ko gilashin ido, ƙarfinsa kuma kimanin 100 ne. Na biyu akwati ne mai 'yar tsaga da haske ke bi, kamar Alpy 600 na wani kamfanin Faransa, wanda sunansa ya faɗi ƙarfinsa, kuma irinsa ne aka rubuta a takardar Malam ta biyu. Na uku shi ne irin Lhires III, wanda ke kaiwa kusan 17,000 amma yana kallon ɗan yanki kaɗan na bakan a lokaci guda. Faifan bai wuce kuɗin gilashin ido mai kyau guda ɗaya ba, na biyun idan aka haɗa shi da kayan rakiyarsa ya fi babbar na'urar Dobson tsada nesa ba kusa ba, na ukun kuma ya fi na biyun tsada.

Faifan nan mai araha ya fi ƙarfin yadda ake raina shi. Idan aka saita na'ura a kan Shi'ira, tauraron da aka ambata a Suratun Najmi, wanda ya fi kowanne haske a daren hunturu, za a ga ɗigon tauraron a gefe, sannan a ɗan nesa da shi wani siririn zare mai launin bakan gizo, da giɓi-giɓi baƙaƙe a daidai wuraren haidurojin. A juya zuwa jan tauraron Betelgeuse, sai zaren ya zama mai faffaɗan inuwoyi jere kamar matakala, alamar mahaɗin titaniyam da oksijin wanda ba ya iya zama sai a tauraro mai ƙarancin zafi. Ɗalibin da ya ɗauki waɗannan hotuna biyu, ya sa su a kwamfuta ta zana masa su, ya taɓa da hannunsa aikin da Annie Jump Cannon ta yi lokacin da ta jera taurari a azuzuwan O, B, A, F, G, K da M bisa zafinsu. A nan Katsina tana da wata falala: da yake muna kan digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, tauraron Gamma Velorum yana hawa digiri 30 a samanmu ta kudu, alhali ba ya leƙowa ko kaɗan a Ingila ko Jamus. Shi ne mafi haske a cikin wani aji na taurari masu zubar da fatarsu, kuma bakansa maimakon baƙaƙen layuka, ɗigogi ne masu walƙiya na kabon da hiliyam, waɗanda faifan ke nunawa sarai. Masu sha'awa a ƙasashe da dama sun ma yi amfani da shi a kan 3C 273, wata cibiyar dandazon taurari mai tsananin haske da nisa wadda ke fitowa kamar dusasshen tauraro, abin da Maarten Schmidt ya warware bakansa a 1963, inda layin 656 ke gusawa har zuwa 760 saboda nisan da ya wuce tafiyar haske ta shekara biliyan 2.

Sai dai tsefe haske yana da haraji, domin hasken da a da ya taru a ɗigo ɗaya yanzu an shimfiɗa shi a dogon zare, kuma da faifan ma ana asarar mataki 5 ko 6, wato sau 100 ko fiye. Duk yadda ƙarfin tantancewa ya ƙaru, haka shimfiɗar ke tsawo, haka zaren ke dusashewa. Wannan ne aibin takarda ta biyu: an ɗora matsefi mai kwaɗayin haske a kan na'ura mai ƙaramin baki. Akwai kuma juyawar duniya, wadda ke tafiyar da taurari daƙiƙar kusurwa 15 a kowace daƙiƙar agogo. A na'urar Dobson mai girmamawa sau 120, tauraro kan fice daga gani cikin ƙasa da minti 2, abin da ba ya hana ɗaukar bakan taurari masu haske da faifai, tun da ƙiftawa ɗaya ta kyamara ta isa, amma ya rufe ƙofar dusassu irin 3C 273. Tsagar Alpy kuwa faɗinta maikuromita 23 ne, silin gashi ya fi ta kauri, kuma a na'ura mai tsawon mita 1 tauraro zai ƙetare ta cikin sulusin daƙiƙa. Riƙe shi a kanta na minti 5 ko 10 yana bukatar gindi mai inji da aka saita daidai, da kyamara ta biyu mai gadin tsagar, da fitilar niyon ko agon ta daidaita awo, da kwamfuta, da batiri mai bolt 12 da zai kai asuba, sannan da mutumin da zai yi watanni yana koyon haɗa su duka. Abin da ake samu a madadin wannan wahala shi ne tsabtar awo: tsagar tana tare hasken gari da na taurarin da ke maƙwabtaka, tana ba da damar tsefe abubuwa masu faɗi kamar gajimaren iskar sararin samaniya da taurari masu wutsiya, sakamakon kuma ya kai matsayin da ƙungiyoyi irin su AAVSO, ta masu bibiyar taurarin da haskensu ke sauyawa, ke karɓa a rumbunsu domin masana su yi aiki da shi.

Matsefi da na'urar hange kuma sai sun dace da juna. Alpy an ƙera shi ne don na'urar da tsawon tattara haskenta ya ninka faɗin bakinta sau 5, Lhires kuma sau 10, wanda shi ya sa ake yawan haɗa shi da gajerun na'urorin Schmidt-Cassegrain. Na'ura mai gilashi ta talakawa ba ta tattara shuɗi da ja a wuri ɗaya, don haka idan wani sashe na bakan ya fito tas, wani zai yi dishi-dishi, alhali madubi bai san bambancin launi ba.

Yanayinmu ma yana da ta cewa. Daga Yuni zuwa Satumba gajimare ne, ko da yake daren da ya biyo bayan ruwan sama kan zo da sama wankakkiya fiye da kowane lokaci. Oktoba da farkon Nuwamba su ne kakar mai kallon taurari. Da hunturu ya kankama, hazo yana dusashe komai, yana sauya daidaiton launukan bakan, abin da ke sa dole a riƙa ɗaukar wani sanannen tauraro a kusa domin gyara awo. Ƙurar da ke kwanciya a kan tabarma ita ce ke kwanciya a kan madubi, kuma madubin Dobson a buɗe yake, fuskarsa shafe da siririn alminiyam wanda tsumma ɗaya zai iya kartawa har abada. A nan ƙaramar na'ura mai rufaffen bututu ta fi, amma murfi biyu da babbar leda da ɗaki mai rufi sun magance yawancin matsalar, kuma madubi mai 'yar ƙura ya fi wanda aka goge da hannun riga. Matsalar da masu sayarwa ba su cika ambata ba ita ce ta gindi mai inji, wanda dole a kwantar da ƙashin bayansa ya fuskanci tauraron arewa. A Katsina da Daura tauraron yana digiri 13 kawai sama da ƙasa, inda katanga da bishiyar darbejiya da hazo ke ɓoye shi, wasu gindayen kuma da aka ƙera don Turai nauyinsu kan bugi ƙafa idan aka kwantar da su haka. Duk mai saye ya nemi a rubuta masa cewa gindin yana sauka zuwa digiri 10.

Kada girman madubi ya ruɗi kowa, kada kuma matsefi ya sa a yi dogon buri. A 1995, lokacin da na'urar Keck mai madubin mita 10 ke aiki a Hawai, da na'ura mai mita 1.93 a kudancin Faransa Michel Mayor da Didier Queloz suka gano duniyar farko da ke kewaya tauraro irin rana, domin matsefinsu, ELODIE, ya iya ganin tauraron, wato 51 Pegasi, yana rangaji da gudun da bai kai mita 60 a daƙiƙa ba, aikin da ya kai su ga kyautar Nobel a 2019. Matsefin HARPS da ke Chile, mai ƙarfi 115,000, yana auna kusan mita 1 a daƙiƙa, tafiyar mutum da ƙafa, kuma yana zaune ne a cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska aka daidaita zafinta. Babu ɗaya daga cikin matsefan kasuwa uku da zai yi wa makaranta irin wannan aiki. Haka nan idan duban jinjirin watan Ramadan ko na Sallah ake so, matsefi ba shi da rawar takawa, kuma tabarau mai ido biyu ko ƙaramar na'ura mai faɗin gani ta fi babbar sauƙin lalubo shi, da sharaɗin a jira rana ta faɗi ƙurmus. Kallon rana ta kowace irin na'ura ba tare da matacin da aka yi don haka ba yana ƙona ido nan take, kuma a makaranta wannan ita ce dokar da za a fara rubutawa a jikin bututun.

Shawarar da na ba Malam ita ce kada ya jira, kada kuma ya ɗauki takarda ta biyu yadda take. Ya sayi babbar na'urar mai milimita 200, ya ƙara faifan mai layi 100 da ƙaramar kyamarar falaki maras launi, wadda ta fi mai launi kama bakan daidai. Da wannan, yara 'yan aji ɗaya za su samu abin kallo, 'yan aji shida kuma su samu abin awo a kan taurari masu haske da yawansu ya ishi aikin shekara. Matsefi mai tsaga ya fi dacewa da sashen kimiyyar lissafi da fiziks na jami'a, irin su Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko ta Tarayya da ke Dutsin-Ma, inda za a iya kafa ginshiƙin kankare na dindindin, a saita gindi sau ɗaya a bar shi, a ɗora masa madubi mai milimita 200 ko fiye, a kuma samu ɗalibin digiri na biyu da zai mayar da shi aikinsa. Lhires sai an ƙoshi da Alpy tukuna. Mutum ɗaya mai sha'awa da ke zaune a tsakiyar gari cikin hasken fitilun sola, wanda kuma ya san awo yake so tun farko, shi ne kaɗai zan ce ya fara da gindi mai inji ko da madubinsa zai tsaya a milimita 150.

Kafin kayan su iso, na ba shi aikin da ba ya cin ko sisi. Faifan CD yana da layuka 625 a kowace milimita, ya fi Star Analyser yawa, don haka idan aka yanka guntunsa aka kafa a cikin kwalin sabulu, aka yi tsaga da reza biyu a ɗaya gefen, an samu matsefi. Ranar da ya gwada a aji, sun fara da fitilar kananzir, bakanta ya fito shimfiɗe babu yanka. Da suka juya kwalin zuwa doguwar farar fitilar da ke rataye a silin, sai ga layuka tsaye daban-daban, ɗaya kore shar a 546, ɗaya shuɗi a 436, sa hannun zaibar da ke cikin bututun. Wata ɗaliba ta tambaya ko haka Shi'ira zai yi, Malam ya ce ta rubuta hasashenta da kwanan wata a bayan littafinta, za a duba a Janairu idan hazo ya lafa.